Wa Aka Tsallake a Rabo? Waiwaye Kan Zumuncin Ekklesiya

A kan abinci rigimar farko ta tashi a cikin ekklesiyar Kirista. Luka ne ya ba da labarin a babi na 6 na littafin Ayyukan Manzanni. Masu bi na Urushalima suna da rabon abinci da ake yi wa gwauraye kowace rana, wato matan da mazansu suka mutu suka bar su ba mai ɗaukar nauyinsu. Ana nan sai gunaguni ya taso daga ɓangaren Yahudawa masu jin Girkanci, waɗanda suka tashi a ƙasashen waje suka dawo gida, cewa in an zo rabo ana tsallake nasu gwaurayen, ana cika wa na 'yan gari ƙwarya. Dukansu Yahudawa ne, dukansu sun gaskata da Yesu, baftisma ɗaya aka yi musu. Harshe ne kawai ya raba su, shi kuwa ya isa ya sa wata tsohuwa ta kwana da yunwa.

Masu wa'azi ba su cika tsayawa a wannan babi ba. Sun fi son babi na 2 da ƙarshen na 4, inda aka siffanta jama'a mai zuciya ɗaya, ana cin abinci gida-gida, mai gona na sayarwa ya kawo kuɗin, har ba a samun mai rashi a cikinsu. Daɗin ji gare shi, ya kuma dace da ranar da ake neman gudummawar gini. Amma Lukan da ya rubuta wancan shi ne ya bi shi nan take da labarin yin ƙarya a babi na 5 da na son kai a babi na 6. A ganina, duk mai son sanin inda zumuncin ekklesiya ya kwana a kowane zamani, sai ya bi sawun tsohuwar nan da aka tsallake.

Yadda asusun ya faro ba shi da wuyar ganewa. Wajen shekara ta 30 zuwa 33, lokacin idin Fentikos, Urushalima ta cika da masu ziyarar ibada daga Farisa, Masar, Libiya, Roma da ƙasar Larabawa. Luka ya ce mutum kamar 3,000 aka yi wa baftisma a rana ɗaya. Shugabannin jama'ar su kansu baƙi ne a birnin, mutanen Galili, wasunsu masunta da suka baro jirage da taru a bakin tafki. Ba su da ginin kansu, sai harabar Haikali da gidajen mutane, ga shi dole a ci, dole a kwana. Mai karatu Musulmi zai tuna yadda mutanen Madina suka karɓi waɗanda suka yi hijira daga Makka.

Ba a kafa doka cewa kowa ya sallama dukiyarsa ba. Yusufu, wani Balawe ɗan tsibirin Kubrus wanda manzanni suka laƙaba wa suna Barnaba, ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaba ɗaya. Hananiya da matarsa Safiratu su ma suka sayar da tasu, suka ɓoye wani kaso, suka kawo sauran kamar shi ke nan. Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin ma nasa ne bayan ya sayar, ba wanda ya tilasta shi. Laifinsa neman sunan da bai biya kuɗinsa ba. Su biyun suka faɗi matattu a rana ɗaya, tsakaninsu kamar awa uku. Shekaru bayan haka kuma sai ga Maryamu, uwar Yohanna Markus, tana nan da gidanta har da baranya mai suna Roda, a nan ake taruwa addu'a. Ita ba ta sayar ba, ƙofa ta buɗe.

Mu koma kan gwaurayen. Manzanni ba su musanta ƙorafin ba, ba su kuma ce masu gunaguni na neman raba kan jama'a ba, amsar da shugabanni suka fi saurin bayarwa har gobe. Sun tara mutane, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu mutunci a danƙa musu rabon. Aka zaɓi Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas da Nikolas. Sunayen nan bakwai duk na Girkanci ne, na ƙarshen ma mutumin Antakiya ne da ba a haife shi Bayahude ba. Ga dukkan alamu, ɓangaren da ya yi kuka shi aka miƙa wa ludayin. Daga wannan zaɓe al'adar ekklesiya ke ƙirga asalin muƙamin dikon. Na daɗe ina ganin wannan ne mafi wuyar koyi a duk labarin. Sayar da gona aikin rana ɗaya ne, ana yi ana tafa maka. Amma masu rinjaye su saki mabuɗin rumbu su ba 'yan tsiraru, su zauna suna kallo ana auna musu, wannan sai an danne zuciya kullum safiya.

Zaman Urushalima bai daɗe a haka ba. An jejjefe Istifanas, masu bi suka watse, sannan a zamanin Kaisar Kalaudiyus, wanda ya yi mulki daga 41 zuwa 54, yunwa ta faɗa wa ƙasar Yahudiya. A nan abin ya ɗauki sabon salo. Masu bi na Antakiya, da yawansu ba Yahudawa ba, suka tara abin da kowa ya iya, suka aika ta hannun Barnaba da Shawulu. Taimako ya wuce maƙwabcin da kake gani, ya kai ga mutumin da ba ka taɓa gani ba, mai wani harshe, a nisan tafiyar makonni.

Shawulun nan, wanda aka fi sani da Bulus, ya shafe shekaru yana bin ekklesiyoyin Galatiya, Makidoniya da Akaya yana tara gudummawa domin matalautan Urushalima. Wasiƙunsa sun nuna mutum ne da ya san halin kuɗi ya kuma san halin mutane. Ya ce wa Korantiyawa kowa ya riƙa ware wani abu ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, kada sai ya iso a shiga kame-kame. Da ya ga sun yi sanyi, sai ya zuga su da labarin mutanen Makidoniya, waɗanda suka fi su talauci suka kuma riga su bayarwa. Bai yarda ya ɗauki jakar shi kaɗai ba, ya sa ekklesiyoyi su zaɓi wakilai su raka ta, don kada wani ya sami bakin zargi. Kalmar da ya kira gudummawar da ita, koinoniya, ita ce dai Luka ya kira zaman Urushalima da ita, daga tushenta kuma aka siffanta Yakubu da Yohanna a matsayin abokan haɗin gwiwar Bitrus a sana'ar su. Kalmar kasuwa ce, ta masu raba riba da hasara. A Hausar ekklesiya ita ake juyawa da tarayya ko zumunci.

Dalilin Bulus ya wuce yunwa. Ekklesiya na dab da tsagewa biyu a kan ko Bayahude zai sa hannu akushi ɗaya da marar kaciya. A Antakiya Bitrus da kansa ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba, da ya ga baƙi sun zo daga Urushalima, Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Gudummawar igiya ce ta ɗaure ɓangarorin biyu, domin wanda ya karɓi kyautarka ya yarda kai ɗan'uwa ne. Shi ya sa a wasiƙarsa zuwa Roma ya roƙi a yi addu'a mutanen Urushalima su karɓa. Ya kai kuɗin wajen shekara ta 57, a wannan zuwan ne kuma aka kama shi.

A Korantin kanta akushin ya riga ya rabu ta wata fuskar. Jibin Ubangiji a lokacin cikakken abincin dare ne, a gidan wani mai hali. Ɗakin cin abinci irin na Romawa gadaje uku gare shi, kowanne na mutum uku, saura sai tsakar gida. Lahadi kuma ranar aiki ce, sai a 321 Kaisar Konstantin ya mai da ita ranar hutu. To, mai gida da abokansa da ba su da ubangida a kansu sukan fara da wuri, bawa da ɗan dako kuwa sai sun tashi aiki, su iso su tarar an suɗe kwano. Bulus ya yi musu faɗa mai zafi, domin wani na fama da yunwa, na kusa da shi ya yi tatil. Yakubu ma ya yi irin wannan faɗa a wasiƙarsa, a kan mai zoben zinariya da ake ba kujera, talaka a nuna masa ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda masu tsaron ƙofa ke ruɗewa in babban mutum ya shigo sujada a makare, ya san wasiƙar ba ta tsufa ba.

Inda ake rabo kuma ba a rasa masu neman cin bulus, Bulus kuwa bai ɗaga musu ƙafa ba, ya gaya wa Tasalonikawa cewa mai ƙin aiki ba shi da haƙƙin abinci. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti ta nuna an riga an buɗe rajistar gwauraye, da sharaɗin shekara 60, mai 'ya'ya ko jikoki kuma su ne za su riƙe ta. Wani ɗan littafi mai suna Didake, na ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, wanda ya ɓace sai a 1873 aka gano kwafinsa a Istanbul, ya yanke wa mai wa'azi matafiyi kwana ɗaya, in da larura biyu. In ya kai uku, ko ya nemi kuɗi ranar tafiya, annabin ƙarya ne. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Duk da haka ana cin masu bi. Lukiyan, wani marubucin ba'a na ƙarni na biyu, ya ba da labarin wani Feregirinus da ya shiga cikin Kiristocin Falasɗinu, aka ɗaure shi, tsofaffin gwauraye da marayu na sammako ƙofar kurkuku, garuruwa masu nisa na aiko kuɗi, ya fito da dukiya. Dariya Lukiyan yake musu, sai ba'ar tasa ta zama shaida daga bakin wanda ba nasu ba.

Zuwa tsakiyar ƙarni na biyu abin ya zama tsari. Yustin, wanda aka kashe a Roma wajen 165, ya bayyana cewa a sujadar Lahadi masu hali kan ba da abin da suka ga dama, a ajiye wurin shugaban taro, shi kuma ya kula da marayu, gwauraye, marasa lafiya, fursunoni da baƙi. Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta wajen 197 cewa suna da akwatin da kowa ke jefa ɗan abu sau ɗaya a wata, ba tilas, da shi ake binne matalauta, ake riƙe tsofaffin bayi da waɗanda aka tura haƙar ma'adinai. Adadi mafi ƙarfi daga Roma ya fito. Wajen 251 Bishop Karniliyus ya lissafa ma'aikatansa, dattawa 46, dikon 7 da sauransu, ya ce ekklesiyar na ciyar da gwauraye da mabuƙata fiye da 1,500. A tuna, addini ne da hukuma ke farauta, bishop ɗin da ya gabace shi ma a tsanantawar 250 ya rasa ransa. A kusan lokacin Kifriyan na Kartaj ya tara sastar 100,000, kuɗin Romawa, ya aika Numidiya a fanshi Kiristocin da mahara suka sace. Ashe maganar kuɗin fansa ba yau ta fara addabar ekklesiya ba. Akwai kuma labarin da na so a riƙa karanta wa kwamitocin kuɗi: Markiyon, attajiri mai jiragen ruwa, ya ba ekklesiyar Roma sastar 200,000, da aka ga koyarwarsa ta kauce, a 144 aka kore shi aka mayar masa da abinsa.

Annobar da ta mamaye daular daga wajen 250 ta ƙara fito da alherin bayan katanga. Diyonisiyus, bishop na Iskandariya, ya ba da labarin yadda masu bi suka yi jinya har da yawansu suka kamu suka mutu, a lokacin da wasu ke jefar da 'yan'uwansu a titi tun da sauran numfashi. Kifriyan ya hori jama'arsa su yi wa waɗanda ba Kirista ba ma. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, Kaisar Yuliyan, wanda ya bar Kiristanci ya so farfaɗo da bautar gumakan Roma, ya rubuta wa babban firist na Galatiya a 362 yana ƙorafin cewa Kirista na ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka, ya ce a buɗe masaukan baƙi a birane don a yi gasa da su.

Amma kafin Yuliyan ƙasa ta riga ta juya. Daga 313 an daina tsananta wa Kirista, daga 321 doka ta yarda a bar wa ekklesiya gado. Kuɗi suka shigo, ayyuka suka girma. Basil na Kaisariya, a Turkiyya ta yau, ya dafa wa jama'a abinci a yunwar 369, ya kuma gina unguwa guda a bayan gari mai masaukin baƙi da wurin jinya, har da na kutare. A Antakiya, Yohanna Kirisostom ya ce gwauraye da 'yan mata 3,000 ne a rajistar ekklesiya. Ba mai raina wannan. Sai dai akwai abin da ya salwanta a hanya. Taron Lawudikiya, wajen 364, ya hana cin abincin ƙauna a cikin majami'a. Jibin ya koma gutsuren gurasa da kurɓi ɗaya, matalauci kuma ya tashi daga abokin akushi ya zama suna a cikin littafi. A ƙarshen ƙarni na biyar Fafaroma Gelasiyus ya jaddada ƙa'idar raba kuɗin shiga kashi huɗu: na bishop, na ma'aikata, na gini, na matalauta. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. Bayarwar da Tartuliyan ya yi alfahari cewa ba tilas a cikinta ta zama wajibi a taron Makon na 585, Sarki Sharlaman kuma ya mai da zakkar ɗaya cikin goma dokar ƙasa a 779.

Haɗin kai kuwa, gajere ne a faɗa. Kartaj ta rabu biyu wajen 312, Masar da Habasha da wani ɓangaren Siriya suka kama hanyarsu bayan taron Kalsidon na 451, Gabas da Yamma suka raba gari a 1054, Turai ta Yamma ta tsattsage daga 1517.

A kowane zamani akan sami waɗanda suka karanta babi na 2 da na 4 suka ce a koma can. Fakomiyus ya tara sufaye a kudancin Masar wajen 320, ba mai mallakar komai nasa na kansa. A 1528 wasu 'yan gudun hijira a Morabiya suka shimfiɗa mayafi a ƙasa, kowa ya zube abin da ke hannunsa. Magadansu, Hutarawa, suna nan a Kanada da Amurka da asusu ɗaya har yau. A 1708 kuma mutum takwas suka yi baftisma a kogin Eder a wani ƙauyen Jamus, suka kira kansu 'yan'uwa kawai, suka maido da abincin ƙauna da wanke wa juna ƙafa. Daga cikin magadan waɗannan ne H. Stover Kulp da Albert Helser suka fito, waɗanda suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida ran 17 ga Maris 1923. Nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta samo asali da suna.

Bishara ta shigo arewacin Nijeriya a rabe. Ƙungiyoyin mishan sun kasa ƙasar tsakaninsu don kada su yi karo. SIM, wadda ta fara yunƙuri a 1893 ta kafu a Patigi a 1902, ta bi ta ƙasar Gbagyi, Kagoro da Tangale. SUM ta sauka Wase a 1904, reshenta na Ingila ya riƙe Filato, na Denmark ya zauna Numan a 1913. Mutanen Afirka ta Kudu suka shiga ƙasar Tibi a 1911, 'Yan'uwa suka riƙe Bura da Margi. Dabara ce mai kyau a lokacinta, amma ta bar gado: ɗariƙa ta hau kan ƙabila, har ya zama in ka ji ekklesiyar mutum kana iya cankar garinsu.

Hausa ce ta ɗinke ɓarakar. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ja gaba, makarantu irin na Gindiri suka koyar da ita, waƙoƙin sujada iri ɗaya suka zaga daga Langtang zuwa Biu har Tsibiri ta ƙasar Maraɗi. Mutumin Pankshin da na Garkida da na Kagoro, ba mai jin yaren wani, suka iya durƙusawa wuri ɗaya. Aikin da Girkanci ya yi wa Bulus, shi Hausa ta yi musu. A 1954 ekklesiyoyin SIM suka zama ECWA, a 1955 kuma a Randa na SUM da na 'Yan'uwa suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda daga baya ta zama TEKAN. A Kaduna ma'aikatan da suka zo daga ekklesiyoyin tarayyar suka riƙa sujada tare, abin da ya haifi HEKAN, Haɗaɗɗiyar Ekklesiya. Sai dai da birane suka cika, kowace ɗariƙa ta biyo 'ya'yanta ta kafa reshenta, yau a layi ɗaya sai ka gaji da ƙirga alluna. A Takum, a 1973, Kutebawa suka fice daga ekklesiyar da suke tare da Jukunawa suka kafa tasu, kukan kuwa irin na babi na 6 ne, na ɓangaren da ke ganin ana danne shi. Sai a 2003 aka yi sulhu, kowa dai da ekklesiyarsa.

Ta fannin bayarwa, zamanin mishan ya fara ne da baƙi riƙe da ludayi, a asibitocin Vom, Garkida da Galmi ta Nijar, da gidajen kutare na Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa. Ba a daɗe ba 'yan ƙasa suka juya hannu. A 1948 ekklesiyoyin SIM suka kafa ƙungiyar aika masu bishara ta kansu, wadda ake kira EMS yanzu, baikon talakawa ne kuwa ya riƙe ta. Kiristan karkara bai buƙaci a koya masa gayya ba. A gida ya same ta, sai ya kai ta gonar ekklesiya da ginin majami'a, maza na kwaɓa ƙasa, mata na ɗebo ruwa. Ranar godiyar kaka kuwa gaban bagadi kan cika da dawa, doya, kaji, har akuya mai kuka a tsakiyar addu'a.

In ana neman inda tsarin Yustin da Tartuliyan ya fi zama da rai, a leƙa taron zumuntar mata na tsakiyar mako. Kowace ɗariƙa na da tata, ECWA, COCIN, EYN, har Katolika, da zanen anko da tulun kiɗa. An fi saninsu da waƙa, amma aikin na cikin ɗan littafin ma'aji da kwanon da ke zagawa. Mace ta haihu, su je barka da sabulu da itace. An kwantar da wani asibiti, su kai kunu. An yi rasuwa, su ne za su kwana gidan, su girka wa masu ta'aziyya, su kuma dawo bayan kowa ya watse, lokacin da gwauruwa ta fi buƙatar mutum. Mai bishara a ƙauye in albashi ya makara, buhun masarar da ya iso masa sau da yawa daga hannunsu ya fito. Uwar zumunta ta san wadda ba ta ɗora tukunya jiya ba, abin da fasto ba lalle ya sani ba. An ce zumunci a ƙafa yake, su kuwa su ne ƙafar. Ba na cewa ba su da nasu. Rigimar kuɗin anko da ta zaɓen shugaba ta raba aminai da yawa, akwai kuma matar da ta daina zuwa a hankali don ba ta da na zane.

Babban asusu fa? Nan ne za mu dawo kan Gelasiyus. Ka saurari rahoton kuɗi na ƙarshen shekara a majami'u da yawa: gini, albashi, kason gunduma da na hedkwata, man janareta, kayan kiɗa, sannan can ƙasa wani ɗan layi na jin ƙai. Mutanen ƙarni na biyar, da muke ganin sun riga sun yi sanyi, kashi ɗaya cikin huɗu suka ware wa matalauta. Namu zamanin na manyan gine-gine ne. Majami'ar Winners da aka buɗe a Ota a 1999 tana ɗaukar mutum 50,000, ta Dunamis a Abuja, ta 2018, an gina ta don 100,000, ƙananan ekklesiyoyi kuma kowace na hangen nata gwargwado. Manyan suna da makarantu da asibitoci da tallafin karatu, ba a hana musu wannan. Tambayar da mabiyansu da kansu ke yi ita ce ko ɗan mai sharar majami'a zai iya shiga makarantar da baikon uwarsa ya gina. Wa'azin zakka ya yi ƙarfi har wasu suka mai da ita sharaɗin shiga sama. A 2024 Fasto Enoch Adeboye ya fito ya nemi gafara kan faɗin haka da ya taɓa yi. A taron gidauniya kuma ana kiran suna da adadi ta lasifika, ana tafi, wani ya yi alkawarin da shi da mai rubutawa duk sun san ba zai cika ba. Da Hananiya ya zo a wannan zamani, kujerar gaba za a ba shi.

Sai ga 2014. Ran 14 ga Afrilu aka sace 'yan mata 276 a Chibok, mafi yawansu 'ya'yan EYN. A ƙarshen Oktoba Boko Haram ta kama Mubi da hedkwatar ekklesiyar a Kwarhi, shugabanni suka koma Jos, jama'a suka watsu zuwa Yola, Jos, Abuja da Kamaru. Ba ofishin da ya shirya wa wannan. Gidaje ne suka fara buɗewa, kamar na Maryamu uwar Markus, mai ɗaki biyu ya sauki dangi da waɗanda ba dangi ba har ana kwana a tsakar gida. 'Yan'uwa na Amurka, waɗanda yanzu ba su kai na Nijeriya yawa ba, suka tara miliyoyin daloli suka aiko. A zamanin Bulus 'ya ce ta aika wa uwa, wannan karon uwa ce ta aika wa 'ya.

A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babbar majami'ar Santa Teresa, dubban mutane suka fake a ciki, Kirista na ɗariƙu daban-daban da Musulmi. Shekaru suka wuce, mafi yawa suka koma, wasu kuwa ba su da garin komawa. Sai ya nemi tallafi daga Katolikan Jamus, aka gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, da makaranta da majami'a, aka buɗe a watan Afrilun 2021. Cikin waɗanda aka ba gidajen akwai iyalai Musulmi kaɗan, sai ya gina musu masallaci da kuɗin dayosis. Wasu Kirista sun yi gunaguni ƙwarai a kan haka. Dalilin da ya bayar shi ne, tun da ba a ware su ba a rabon abinci, ba a ware su ba a rabon gidaje, bai ga yadda za a yi wa Kirista wurin sujada a tsallake su ba.